Ango Ya Tare a Gidan Yaya

Idan ka je bakin kasuwa wajen masu lodin kaya ka ce kana neman Giya-biyu, ba wanda zai ɗauka mashayi kake cigiya. Giyar mota ake nufi. Tun yana koyon tuƙi aka laƙaba masa sunan, don ko hanya ta miƙe sumul babu ko akuya a kanta, ba ya son wuce giya ta biyu. In an yi masa tsiya sai ya ce sannu ba ta hana zuwa, abokan aikinsa su ƙarasa masa da cewa sai dai a daɗe ba a je ba. Gajere ne mai ɗan tumbi, mai son shayi da hira, kuma duk wanda ya zauna da shi a benci sai ya sha labarin shekarun da ya yi yana tuƙi a gidan Sanata.

Kada a yi masa ƙari, ba shi ke tuƙa Sanata ba. Manyan motocin nan masu baƙin gilashi suna da nasu direbobin, masu turare da agogo. Shi tasa a-kori-kura ce fara, wadda ƙofar direbanta ba ta buɗuwa sai ta waje, kuma aikinta ɗaukar kayan taro.

Sanatan mutum ne mai fara'a, wannan kam ba a ƙwace masa. In ya riƙe hannunka ya yi maka murmushi, sai ka fita daga gidan kafin ka tuna abin da ya kawo ka. A majalisa kuwa ba a cika jin muryarsa ba. Ranar da kyamara ta kama shi yana gyangyaɗi ana tsakiyar muhawara kan asibitoci, magoya bayansa suka ce tunanin talakawa ne ya yi masa nauyi. Lambar wayarsa takan mutu da zarar an gama zaɓe, ba ta farfaɗowa sai wani ya ƙarato. Sauya sheƙa kuma ya mai da ita kamar sauya hula. Giya-biyu ya kankare tambarin jam'iyya daga jikin motarsa har fenti ya gaji, daga baya ya koyi dabara: in zai liƙa sabo, sai ya bar gefe guda a ɗage don ɓarewa ta zo da sauƙi.

Amma babban aikin a-kori-kurar shi ne abin da a lasifika ake kira rabon tallafi, a cikin gida kuma ake kira kayan hoto. Ga yadda ake yi. A kafa rumfa a wata unguwa, a jera kwalayen kekunan ɗinki har su kai ƙirjin mutum, a tsayar da mata a bayansu, kowace da kwalinta. Sanata ya yi jawabi, a ɗauki hoto, a tafa. Da manyan motoci sun ɗaga, sai Giya-biyu ya matso da tasa a mayar da kwalayen sito, matan da suka tsaya a sallame su da turmin zane da lemon kwalba. Kwalayen ba komai a cikinsu sai bulo naɗe da tsumma, don kada iska ta tona asiri. Keke na gaske guda ɗaya ne tak, baƙi mai zanen ruwan zinariya, da teburinsa da ƙafafunsa na ƙarfe. Shi ake ajiyewa a gaba da jan ƙyalle, shi Sanata ke dafawa, har fentin wurin ya koɗe da shatin tafinsa. Ma'aikatan gidan suna kiransa Ango, don kullum ana ɗaura masa aure, bai taɓa kwana a gidan amarya ba.

Giya-biyu ya san abin ba kyau. Yakan ji ba daɗi in ya ga wata tsohuwa tana shafa kwalinta tana sa albarka, amma sai ya tuna bakunan da ke jiransa a gida, ya ce wa zuciyarsa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mutum ɗaya ce bai taɓa gaya wa gaskiyar aikin ba, ita ce Yaya. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta riƙe shi tun da iyayensu suka rasu yana ƙarami, kuma da zare da allura ta ciyar da shi. Facin riga, kalmasa bakin zane, mayar da maɓalli, duk da hannu, har ɗan yatsanta ya yi kanta kamar ƙafar mai tafiyar ƙasa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, tana nan a ɗakinta da tabarau mai ƙafa ɗaya da ta ɗaure da zare. Har gobe Auta take kiransa, duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemunsa. In maƙwabta sun tambaye ta aikin ƙaninta, sai ta ce yana gidan Sanata wajen raba wa mutane alheri. Shi ya gaya mata haka, kuma yana jin daɗin jin hakan daga bakinta.

To, ranar da aka ce rabo ya zo unguwar Yaya, sai son zuciya irin na alheri ya kama shi. Zanenta ya tsufa, ga turmi ana bayarwa a banza. Ya roƙi Mai Jaka, wato yaron Sanata na hannun dama wanda ke tsara taro, a saka yayarsa cikin masu tsayawa, can layin baya. Niyyarsa ya yi mata bayani a hanya cewa kwalin na hoto ne, zanen ne nata. Ya ɗauko zancen a bakin ƙofarta, ya ga yadda ta yi wanka ta shafa hoda ta goge tabarau, sai maganar ta maƙale. Ya ce a ransa bari a isa tukuna. Da aka isa kuma sauke kaya ya ɗauke masa hankali.

Mai Jaka mutum ne mai ido a kan fuskoki. Yana zagaya layin mata yana dubawa kamar mai zaɓen tumatir, sai ya tsaya a kan Yaya, ya dubi ramar kumatunta da tabarau mai zare.

"Wannan fuskar ai ta gaba ce," in ji shi. "Baba, taho nan kusa da keke."

Giya-biyu yana bayan rumfa riƙe da igiya ya hango yayarsa tsaye kusa da Ango. Sanata ya iso, aka yi ta kirari, ya karɓi abin magana. Ya yi magana a kan wahalar mata, har muryarsa ta yi rawa daidai inda takan yi. Sannan ya dafa Ango a kan shatin tafinsa, ya kamo hannun Yaya ya ɗora, ya juya wajen masu hoto.

"Uwata, daga yau kin daina wahala. Wannan keke naki ne, halak malak."

Kalmar nan ba sabuwa ba ce, duk inda aka je sai ya faɗe ta, don tana jawo tafi. Yaya ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Halak malak, ranka ya daɗe?" Ya ce, "Halak malak," lasifika ta kai maganar har bayan makarantar unguwar.

Manyan motoci suka ɗaga. Giya-biyu ya tafi kawo a-kori-kura daga inda ya ajiye ta a inuwa, kuma kun san tafiyarsa. Kafin ya lallaɓo ya juya ya yi baya-baya zuwa bakin rumfa, kwalaye na nan cif, matan suna layin karɓar zane, amma inda Ango yake sai jan ƙyalle a ƙasa. Wata mata ta ce ai tsohuwar ta kira mai baro tun ɗazu, ko zanen ba ta tsaya karɓa ba.

Mai Jaka bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ja Giya-biyu gefe ya ce, "Jibi muna da taro a wata unguwa. Kwali ba ya buɗuwa a gaban mutane, ka sani. Kai ka kawo ta, kai za ka dawo da shi kafin rana ta faɗi. In ka dawo hannu rabbana, ka haɗo da makullin mota."

Bai taɓa jin hanyar gidan Yaya ta yi masa gajarta ba sai ran nan. Ya sauka zuwa giya ɗaya, duk da haka ya isa. Tun daga zaure ya jiyo ƙarar da bai taɓa ji ba duk shekarun da ya yi yana yawo da Ango, wato ƙarar keken yana ɗinki. Ya tarar ta ajiye shi a bakin taga inda haske ke shigowa, ta kawar da akwatinta, ta ɗiga masa mai, tana gwada shi a kan wani tsohon ƙyalle. Ƙafarta ba ta saba ba, keken yana gudu yana tsayawa, tana yi masa faɗa kamar jika.

"Auta, shigo mana. Ka tsaya a ƙofa kamar baƙo."

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya yi gyaran murya, ya ce taro ya yi kyau. Ya ce rana ta yi zafi yau. Ya ce, "Yaya, dama keken nan, akwai wani ɗan tsari da ake bi."

"Cire rigarka," in ji ta. "Aljihun ya yage tun yaushe, kana yawo da shi a gaban manya."

Ya cire ya miƙa mata, ya zauna a bakin gado da singileti, tumbi a waje. Ta juya rigar, ta sa a ƙarƙashin allura, ba ta dube shi ba.

"Tsarin mayarwa sito kake nufi? Ai na sani."

Ya ɗago kai.

"Wa bai sani ba a garin nan? 'Yar maƙwabciyata ta tsaya a unguwa uku, zanen ma iri ɗaya suka ba ta. Ta ce direban da ke kwashe kwalayen wani gajere ne mai tafiyar hawainiya. Na ce mata ban san shi ba."

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ashe duk lokacin da take gaya wa maƙwabta yana raba alheri, rufa masa asiri take yi, kamar yadda take rufe masa yagar wando yana yaro.

"Da ka ce min in je in tsaya, da na tsaya na karɓi zanena na dawo," ta ci gaba, keken yana tafiya. "Amma ba ka ce ba. Shi kuma babban mutum ya kama hannuna a gaban jama'a ya ce halak malak. Na sake tambayarsa don kada in zalunce shi, ya maimaita. Magana zarar bunu ce, Auta. In kai za ka ɗauka, ga shi nan, ba zan yi kokawa da kai ba. Bari dai in gama aljihun."

Wayarsa ta yi ƙara a cikin wando. Mai Jaka ne. Giya-biyu ya dubi wayar, ya dubi yatsan Yaya mai kanta yana tura rigarsa a ƙarƙashin allura. Ya tuna 'ya'yansa da kuɗin makaranta, ya ji tsoro ƙwarai, ba ƙarya. Sannan ya ɗauka.

"Yallaɓai, na iso. E, yana nan lafiya. A'a, ba zan iya ba." Ya saurara kaɗan. "Yallaɓai, Sanata ne ya ce nata ne, da bakinsa, a lasifika. Ni ƙaramin direba ina ni ina ƙaryata Sanata?"

Abin da Mai Jaka ya ce daga nan ba na maimaitawa ba ne. Ya yi barazanar turo mutane, amma bai turo ba, don hoton Yaya da Ango ya riga ya bazu a wayoyi, kuma ko shi ya san yadda hoton ƙwacewa zai kasance. Kafin rana ta faɗi Giya-biyu ya mayar da kwalayen sito, ya jera su tsaf, ya miƙa makulli. An ce taron jibin sai da aka yi aron keke a shagon wani tela, telan kuma ya biyo abinsa ya tsaya a gefen rumfa har aka tashi.

Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba, shi ma ba ya ɓoyewa. Ya sha zaman benci, ya sha kallo daga matarsa, kafin wani mai shagon siminti ya ba shi tsohuwar mota yana kai kaya. Abin da yake samu bai kai na gidan Sanata ba, bayansa kuma ya san nauyin buhu. Yaya kuwa yanzu har kayan makaranta take ɗinkawa, na 'ya'yansa ba ta karɓar ko godiya.

Rigar farko da ta ɗinka daga farko har ƙarshe tasa ce, shuɗiya, hannun dama ya fi na hagu tsawo da kusan yatsa biyu. Ita yake sawa ranar da ba lodi. In abokan benci suka ja hannun suna dariya, sai ya janye abinsa ya gyara.

"Ku bar min rigata," yakan ce. "Duk zamana a gidan nan alkawari ɗaya na ga Sanata ya cika. Shi ma Yaya ce ta cika masa."