Batir Uku a Kan Katako

Da muka dawo Mubi daga gudun hijira, na tarar an yi gaba da babur ɗina. Ko da yana nan ma ba zai amfane ni ba, don dokar hana hawa babur tana nan daram. Ni kuwa lambu nake yi a Digil, alayyafo da yakuwa da tumatir, kayan da ba sa jiran kowa. In rana ta take ban isa kasuwa ba, sai dai awaki su yi buki. Ga gwiwata ta hagu, tun tafiyar ƙafar da muka yi cikin duwatsu ba ta sake jin maganata ba.

A hannun wani ɗan kasuwa na samu tsohon keken lantarki. Injinsa yana cikin cibiyar tayar baya, mai ƙarfin wat ɗari biyu da hamsin. Ni kaɗai yana ɗaukata da fara'a. Da na ɗora masa kwando biyu, a hawan farko ya fara kuka kamar ɗan akuya, sannan ya tsaya cak.

Na tura shi shagon ƙanen matata, mai gyaran rediyo da kayan sola.

“Yaya, wannan inji ya gaji,” in ji shi. “Mu sa na wat dubu, batir huɗu manya, kwantirola babba. Mota ma za ka wuce ta. Feda da sarƙa kuma mu cire, nauyin banza ne.”

Kwantirola shi ne ɗan akwatin da ke auna wutar da batir zai ba inji. Dole ukun su dace da juna: in inji ya fi ƙarfin akwatin, akwatin ya ƙone, in ya fi ƙarfin batir, ka tsaya a daji. Wannan duk na yarda da shi. Na tambaye shi ina za mu sa batir huɗu.

“Cikin buhu mana. Ka rufe da ganye, soja ba zai gani ba.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba laifinsa ba ne, duk garin haka muka koya: ɓoye waya, ɓoye fetur, ɓoye sunan ƙauyenka. Amma a garin da bam ya ci mutane, in cusa batir da wayoyi a ƙarƙashin alayyafo in nufi shingen soja? Kuma na gaji da ɓuya. Na kwanta a rami, na kwanta a gonar dawa. Ba zan ɓoye abin neman tuwona ba.

Na ce inji na wat ɗari biyar, kwantirola daidai shi, batir uku ƙanana. A jera su a kan katako, a fili, kowace waya a miƙe yadda makaho ma zai bi ta da hannu. Feda da sarƙa kuwa kada ya taɓa. Ya yi ta gunaguni wai na sayi rabin ƙarfi. Na ce in yana son jirgi ya haɗa nasa.

Safiyar farko na iso shingen da ke bakin gari. Na sauka ina turawa, kamar yadda aka saba. Wani soja ya hango wayoyin, ya daka tsawa, ya ɗaga bindiga. Masu tallar nono suka watse, har ƙwarya ɗaya ta kife. Na ɗaga hannu na tsaya inda nake.

“Baba, mene wannan?”

“Batir ne, Ofisa. Ga shi a fili, zo ka duba.”

Ya zo a hankali, ya bi wayoyin da ido har cikin taya. Ya sauke bindigar, amma fuskarsa ba ta sauka ba.

“Abin da yana da inji, babur ne. Ajiye shi can.”

Can ɗin na sani: tulin babura ne da ciyawa ta fito ta cikin tayoyinsu.

“Keke ne,” na ce. “Ga feda, ga sarƙa.”

Ya dubi kwandunan, ya dubi hawan da ke gaban shingen, ya dubi ƙafar da nake ɗingishi da ita. Ya yi murmushi, ya zare wayar batir da hannunsa.

“To tuƙa shi da ƙafa har bishiyan can. In ka sauka, ya zama namu.”

Na hau. Takun farko na ji kamar an soka mini ƙusa a gwiwa. Da batir huɗu manya ne a bayana, ko motsi ba zan yi ba. Ukun nan ma sai da na ga duhu. Na cije, na taka, keken yana tangaɗi, gumi yana shiga idona. Ina jin masu nono a baya suna cewa, “Taka, Baba, taka!” Ban sa ƙafa a ƙasa ba sai da inuwar bishiyar ta rufe ni.

Na mayar da wayar a gaban idon sojan, na murɗa hannun keken, ya ja. Alayyafona ya isa kasuwa da raɓarsa.

Gwiwar ta kumbura har wando ya ƙi fita, matata ta gasa ta da ruwan zafi tana yi mini faɗa. Washegari na sake ɗaure kwanduna. Da na zo shingen, ban jira kowa ya ce komai ba. Na zare wayar da kaina, na dubi sojan, na taka.