Ranar da Direbobinmu Suka Koyi Ladabi

Bayan nakiyar da ɓarayin daji suka binne ta tashi da motar kasuwa a hanyarmu ta Anka, sai aka turo mana masu wayar da kai. Sun zo da hotuna masu kyau, suka ce mu riƙa bin inda wani ya riga ya taka. Na yi sakandare, amma har suka tafi ban gane wa zai fara takawar ba.

Kwana uku bayan haka ciwon Inna ya tashi, dole mu kai ta asibiti. A tashar Bagega, direbobin da suka saba zagin juna kan wa zai fara fita, ranar nan sun zama masu tarbiyya.

"Bismillah, Alhaji, wuce. Kai ab babba," in ji namu.

"Haba, ɗan'uwa, kai ka riga ni lodi. Ba ni cin haƙƙinka."

Inna na nishi a cinyata, rana na ɗagawa, su kuwa suna ta girmama juna.

Can sai ga wani makiyayi ya koro shanunsa ya hau hanyar. Ba wanda ya yi masa hon. Motoci biyar muka jeru a bayansu, idona a kan kofatansu.

Sai la'asar muka isa. Likita ya duba Inna, ya yi mini faɗan me ya sa muka makara. Na buɗe baki, na kasa ce masa jira muka yi saniya ta fara taka mana.