Kyamarata a Cikin Buhun Gawayi

Ni ne mai laifi a wannan tafiya, gara in faɗa tun yanzu kafin daɗin labari ya ɗauke ni.

Mun tashi da asuba daga Mayil Wan a Fatakwal, ni da kawuna mai sayar da albasa. Sana'ata ɗaukar hoton biki. Shi kuwa ya daɗe yana wuce duwatsun Inugu a saman lodi bai taɓa hawa ko ɗaya ba, shi ne ya ce in raka shi ya hau in ɗauke shi a can. Don tsoron ruwan sama, na naɗe kyamarata a leda uku na ɗaure tamau. Gilasanta biyu, dogo da gajere, su ma kowanne da ledarsa. Kawu ya juya ƙullin a hannu ya ce, "Ɗan nan, abin nan zai yi gumi." Na yi dariya kawai.

Hanyar Anacha kore ce shar, itatuwan kwakwar manja hagu da dama, ruwa ya sauko ya ɗauke, ya sake saukowa. A kasuwar Ochanja muka sauka wajen mutanenmu masu wake. Na ga wani daga cikinsu, haifaffen garin, yana ciniki da yaren Ibo, ya juyo ya gaishe da Kawu da Hausa tiryan-tiryan, har da durƙuso. Na tambayi dalilin da suke cusa busasshen barkono cikin buhun wake, suka ce don ƙwari ne. Kowa a nan da dabararsa ta adana kaya. Kawu ya roƙi ƙaramin buhun algarara, ya karɓi gawayi wajen mai gasa masara. Na ɗauka shayi zai dafa mana.

A Inugu muka ci okpa, wani alale ne na gurjiya, mai riƙe ciki kamar an haɗiye dutse. Da shi a ciki muka hau dutsen, mu da wasu matafiya da mai nuna hanya. Ƙasar ja ce mai santsi. Jakata na rungume a ƙirji, Kawu yana gabana da silifas, bai zame ko sau ɗaya ba, ni mai takalmin hawa na zauna sau biyu ba da niyya ba. Muka kafa tanti kafin magariba. Hazo ya rufe mu, hatta rigar jikina ta yi danshi ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa ta ba.

Da safe na buɗe jaka, babu kyamara, babu gajeren gilashi. Na ɗaga kai na gan su rataye a sandar tanti cikin buhun nan, tare da gawayin, an naɗe shi a hankici. Raina ya ɓaci. A gaban baƙi na ɗaga murya na ce, "Kawu, wannan fa ba albasa ba ce! Ka tsaya a kan abin da ka sani."

Ya dube ni ya ce, "To." Ya naɗe dardumarsa.

Dogon gilashin bai gan shi ba, don a aljihun gefe na ɓoye shi. Da na kwance ledarsa sai na ji ta jiƙe daga ciki. Na leƙa, fari fat, raɓa ta shiga can tsakiya inda tsumma ba ya kaiwa. Kyamarar da ta kwana da gawayi kuwa garau, ko baƙi bai taɓa ta ba. Da ita na ɗauki Kawu a ƙololuwar dutsen da ya daɗe yana mafarkin hawa. Ya tsaya ƙiƙam kamar mai hoton fasfo. Daga nan har muka sauko, har motar Fatakwal, bai sake ce mini "ɗan nan" ba. Sai dai, "Malam mai hoto, ga ruwa."

Abin da na koyo shi ne, a Kudu ruwan da ke cikin iska ya fi na sama ɓarna, leda kuma kulle shi take yi tare da kayanka, gawayi kuwa tsotse shi yake yi. Mai albasa ya san wannan tun kafin a haife ni. Gilashin an gyara. Ɗayan gyaran kuma kwana uku na yi ina kewaye rumfarsa na kasa shiga.

A rana ta huɗu na zaɓi lokacin da rumfar ta cika da abokan sana'arsa, tunda a gaban mutane na yi ɓarnar. Na cire takalmi, na durƙusa tsakanin buhuna.

Na ce, "Kawu, a Inugu na faɗa maka maganar da ɗa ba ya faɗa wa uba. Kai ka ceci abin da nake ci da shi, ni kuma na raina abin da ka ciyar da mu da shi. Ba ni da wata hujja. Don Allah ka yafe mini."