Ranar da Dillalin Raguna Ya Sayo wa Isaka Ekran

Duk wanda ya taɓa neman a buga masa takarda a Gazawa ya san Isaka. Shagonsa na jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu, ni ina ɗinki shi yana buga takardu, ko tari ya yi sai na ce masa sannu. Ya yi lakol, wato boko, har ya yi nisa, aikin buro, na ofis, bai samu ba, da ya gwada noma kuma gero ya fito kamar an yi masa dole. Sai ya sayar da babur ɗinsa ya sayi ordinater, wato kwamfuta, ta hannu da injin fidda takarda, ya ɗora fanno ɗaya mai tara hasken rana a kan rufi, ya haɗa da batir, tunda wutar gari sai ta ga dama take leƙo mu.

Ordinater ɗin nan aiki biyu take yi. Da safe takardu. Idan rana ta take, fasinja ya yi wuya, sai 'yan kabu-kabu su jingine baburansu su cika shagon, magidanta masu 'ya'ya, su kama wasan ƙwallo a cikinta suna ihu kamar an ci gari da yaƙi. Ɗan abin da suke bayarwa shi ne kuɗin cefane. Takardu kuwa su ne mutunci, su suka sa ake ce masa Malam Isaka.

Bana ne kakarsa ta yanke saƙa. Mushe Rashidu (haka muke kiran malaman boko), direktan wani lakol da ke bayan tasha, ya ɗauke aikin buga takardun jarrabawa daga hannun Mansur, wanda ya daɗe yana yi musu, ya ba Isaka ya gwada. Ya ce in aiki ya yi kyau, to nasa ne duk shekara. Isaka ya zo yana murna har yana taka mini yadin mutane.

A makon ne ekran ɗinsa, gilashin da rubutu ke fitowa a jiki, ya mutu. Ya fara da zane kore a tsakiya, kamar tsagar gado, sai ya yi duhu gaba ɗaya.

Ban taɓa ganin mutum ya yi binciken abu kamar yadda Isaka ya binciki ekran ba. Ko neman aurensa bai yi wannan tambaye-tambayen ba. Ya ari magwajina ya auna tebur. Ya ce shi matsakaici yake so, siriri, wanda harafi zai fito a jikinsa fes ba sai an matse ido ba, wanda ba ya shan batir, kuma in an danna ɗan wasa zai buga ƙwallo a lokacin, ba sai ya yi shawara ba. Sannan kuɗinsa kar ya wuce abin da ke aljihu, don aljihun ba zurfi gare shi ba. Har ya samo shi a shagon Abdulhadi, mai kawo kayan wuta na hannu daga ƙetaren iyaka. Ya gwada rubutu a jiki, ya gwada wasa, ya ce a ajiye masa zuwa gobe.

Goben nan ce surukinsa ya sauka.

Alhaji Maikuɗi dillalin dabbobi ne a kasuwar Gidan Rumji, Bagobiri, murya kamar ganga. Ya zo ganin jikarsa ne. Munira, matar Isaka, ita ta yi suɓul da baka wajen kawo fura, ta ce maigida zai fita sayayya. Tsoho ya ajiye ludayi.

"Ciniki? Ina garin ga za a yi ciniki ba a hwaɗa mini ba? Tashi mu tai, ɗana. Yaran yanzu ba ku san ciniki ba, abin da anka ce maku shi kuke biya."

To kun san sha'anin suruki. Isaka bai taɓa haɗa ido da mutumin nan ba tun ranar ɗaurin aure. In tsoho na zaune shi yana tsugune, in ya yi magana amsa ɗaya ce, "To, Baba." Isaka ya biyo ta shagona ya ja hannun rigata, ido ya raina fata, wai in raka su ko zan sa baki. Na bi su. Ni ma dai ba na son a ba ni labari.

Abdulhadi na ganinmu ya ɗauko wanda aka ajiye. Alhaji ya karɓa da hannu ɗaya, ya ɗaga, ya jijjiga shi.

"Wanga? Wanga ai rama ta kashe shi. Mi za a ci a jikinai?"

Na ce, "Alhaji, ba layya za a yi da shi ba."

"Kai Bakatsine, riƙe allurarka. Ina ruwan tela da ciniki?"

Ya shiga zagaya shago, hannu a baya, har ya hango wani a ƙurya an rufe shi da buhu. Tsohuwar talabijin ce, faɗinta ya kai ƙyauren ɗaki, kaurinta kamar katifa. Ya sa aka jawo ta. Ya shafa bayanta, ya ƙwanƙwasa, ya gwada ɗagawa ya kasa, nan take fuskarsa ta washe.

"Yauwa. Wagga akwai ƙashi."

Abdulhadi, Allah ya shirye shi, da ya ga kayan da ya rasa mai saye ya sami masoyi, sai ya kunna mata bidiyon kokawa. Kowa ya san kokawa ko a gindin tukunya aka haska ta kyau za ta yi. Isaka ya buɗe baki, na ji ya ce, "Baba, dama rubutu..." Tsoho ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwayo ba. A kasuwar dabbobi mai saye ba ya magana in dillali na aiki.

Gaskiya ciniki ya iya. Ya kushe ta, ya tafi, ya dawo, ya rantse, ya ambaci kakan Abdulhadi wanda bai taɓa gani ba, har farashi ya sauko daidai da na ƙaramin. Suka tafa. Ya juyo yana haki.

"Ka gani? Da kuɗin ɗan akuya na saya maka sa."

Isaka ya tsuguna ya ce, "An gode, Baba."

A amalanke aka kai ta. Tebur ya ƙi ɗauka, sai da aka tokare shi da bulo. Da aka haɗa, rubutu ya fito a baje kamar tawada ta sha ruwa, ga gefen shafi ya shige cikin baki, farkon kowane layi ba a gani. Zama kusa da ita kuwa kamar zama gaban tanda. Isaka ya ja kujera baya har ya kai bakin ƙofa, igiyar allon bugawa ta ƙi kaiwa.

'Yan kabu-kabu da farko sun yi ta kabbara. Da aka fara wasa sai murna ta koma ciki. Sufyanu, wanda duk ya fi su baki, ya danna, ɗan wasansa ya tsaya yana kallo, sai da aka ƙwace ƙwallo sannan ya harbi iska.

"Malam Isaka, wannan ɗan wasan naka azumi yake?"

Kafin la'asar batir ya mutu. Abin da yake kai su magariba, ta lashe shi kamar miya.

Na ce masa ya mayar. Ya dube ni kamar na ce ya saki matarsa. Kayan da dillali ya tafa a kai ba a mayarwa, in ka mayar ka ce maganarsa banza ce, balle dillalin uban matarka ne. Kuma tsoho bai tafi ba. Kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a benci, ya kira masu wucewa su ga abin da ya sayo wa surukinsa.

Haka Isaka ya dinga buga jarrabawa da lalube, ido na hawaye, aiki na sa'a biyu batir ya ɗauke. Da ya ga ranar karɓa ta matso, sai ya bi ta hanyar da aka saba, ya gaya wa Munira ta gaya wa babanta. Abin da ya ce mata shi ne, abin nan zai kashe masa sana'a. Ita kuma da ta je gaban uba, kunya ta rage maganar, ta ce maigida ya gode ƙwarai, sai dai ba ta ishe shi aikin ba yadda yake so. Tsoho ya ce ya ji, laifinsa ne, zai gyara. Da sassafe ya sa aka ɗauke ta a amalanke. Isaka har rawa ya taka a shagona, ya ce yau ƙaramin zai dawo.

Yini guda shago ba ekran ko ɗaya. Washegari Mushe Rashidu ya zo, ya duba ɗan abin da aka fitar. A takardar lissafi an bar lambobi a baya, a ta tarihi tambaya guda ta ɓace ɗungum. Bai yi faɗa ba, shi ya fi ciwo.

"Malam Isaka, yara jibi za su zauna. Ba ni rubutun malamaina in kai wa Mansur."

"Mushe, yau ɗin nan sabon ke zuwa, wallahi yau..."

"Allah ya kawo shi lafiya. Ba ni."

Ya miƙa masa da hannu biyu. Mushe ya sa a jaka, ya hau babur, muna tsaye muna kallo har ya sha kwanar tasha.

Ba mu koma ciki ba sai ga amalanke, jaki na tafe yana nishi, mutum biyu na riƙe da kaya ta baya kar ya kife. Alhaji Maikuɗi na gaba yana washe baki. Ashe ya sayar da waccan da riba ga wani mai gidan kallo, ya cika daga aljihunsa, ya sa an nemo masa wadda ta fi ta.

"Ɗiyata ta ce waccan ba ta ishe ka ba. To ga uwarta. Sai dai a cire ƙyaure kahin ta shiga."

Na dubi Isaka. Jijiyar wuyansa ta tashi, na ce yau dai za a ji abin da ba a taɓa ji ba a Gazawa. Sai ya tattara rigarsa, ya tsuguna, ya ce a miƙo masa guduma.