Rufin Motar Baba Dakata

Ku da kuka zauna da Baba Haruna a unguwar Batha ta Riyad, ba sai na tuna muku tsugunon nan nasa ba. Kuna tafe kuna hira, ana tsaka da magana sai ka waiga ka ga babu shi. Can sai ka hango shi a bakin titi ya tattare jallabiya, ya tsuguna gaban motar mutane, ya kanne ido ɗaya, ya karkace kai kamar kaza ta hango shaho. Ba ya taɓa motar, ba ya neman mai ita. Zai ƙare mata kallo, ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya yanke hukunci: "Tsayuwarta ba ta yi ba."

Wannan tsuguno ya taɓa ja masa. Kun san direba ne a wani ofishin jakadanci, can unguwar da ba a shiga sai an duba ka ciki da bai. Wata rana ya kai maigidansa taro, yana jira a waje, sai ga wata zungureriyar baƙar mota mai tuta an faka. Baba ya je ya tsuguna, har da leƙa ƙarƙashi! Kafin ya ɗago, masu gadi uku sun tsaya a kansa.

"Esh fi? Me kake nema a nan?"

Ya ce musu, da Larabcinsa na kasuwa, "Ba komai. Gindinta ne ya yi sama da yawa, kamar akuya tana cin ƙaya. Ku gaya wa mai ita."

Sai da maigidansa ya fito daga taron ya karɓo shi. Da yake ba mu labari, ba tsarewar ce ta ɓata masa rai ba. Wai har aka sake shi babu wanda ya isar da saƙon.

Sunan Dakata kuwa ni na laƙaba masa, ina kuma alfahari da haka. Komai za a yi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata tukuna." Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne baƙi su ji sunan su ce, "Au, ashe Baba ɗan Dakata ne ta Kano?" Badamagare gaba da baya, a jingina shi da Kano! Sai ya nuna ni ya ce, "Ku tambayi bawana Nasiru, shi ne Bakano. Mu a Damagaram sayen su muke yi da gishiri." Ni kuma in ce, "Baba, gishirin ma a Kurmi kuka saro shi." Haka muka rayu shekara da shekaru, ni mai walda da gyaran bodi a Sana'iyya, unguwar garejoji, shi kuma ya girme ni da kusan shekara ashirin.

Yadda motar ta shigo rayuwarmu kuwa, wani Bature ne da ya yi wa tuƙi, da zai koma gida ya bar masa tarin tsofaffin mujallun motoci. Baba ba ya karanta Turanci, amma hotunan nan ya haddace su. A ciki ya ga abin da suke kira hotrod: a samo motar zamanin kakanni, a tuɓe mata duk abin da ba dole ba, a sauke ta ƙasa, a ɗora mata injin da ya fi ƙarfinta. Ranar da ya nuna mini na ce, "Hotrod ko hatsari?" Bai ko yi murmushi ba. Ya ce, "Sai na gina guda kafin in koma gida. In shiga Damagaram da ita, yara su bi ni da gudu."

Muka ɗauka zance ne. Sai ga shi wata Juma'a an sauke mana gawar wata tsohuwar a-kori-kura ta Amurka a bayan garejinmu. A wata gona ya samo ta, hanyar Kharj, inda kaji suka mayar da ita ɗakin ƙwai. Ba inji, ba gilashi, tsatsa har ta ci ƙasan ƙofa. Kafil ɗina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, Abu Salih mai garejin, ya fito ya dube ta, ya dubi Baba, ya ce, "Wata nawa za ta yi a nan?" Baba ya ce, "Shida." Shekara goma sha ɗaya ta yi.

Kada ku ce rashin aiki ne. Wallahi mutumin nan ya yi aiki! Duk Juma'a bayan masallaci yana can, yana goge tsatsa da hannunsa. Ƙasan motar ya gama shi tsaf, birki ya kama, sitiyari yana juyawa kamar an shafa man shanu. Abin da ya gagara shi ne ya tsayar da kamannin da za ta ɗauka. A cire madigadi tayoyi su fito tsirara, ko a bar mata su? A sauke gaba kawai ko har da baya? Yau ya kwana a nan, gobe ya tashi a can.

Abu ɗaya ne bai taɓa yin shakka a kansa ba: ta gargajiya yake so. Duk ƙarfen da bai kai shi shekaru ba, ba zai hau motarsa ba. Na taɓa samo masa inji lafiyayye a tashlih, inda ake sayar da kayan motocin da suka mutu, na wata mota da ba ta daɗe a titi ba. Na kawo shi ina murna. Ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Nasiru, in haƙorin kakarka ya faɗi, na jikarta kake cirowa ka dasa mata?" Ya yi shekara biyu yana bin tashlih ɗaya bayan ɗaya har ya samo wani tsohon inji mai kafireta, mai tari kamar ɗan wiwi, ya rungume shi kamar ɗansa ya dawo daga tafiya.

Na ce, "To ko na'urar sanyi ka yarda a sa. Baba, Riyad ce fa!"

Ya ce, "Kakanka da ya zo Hajji a ƙafa, na'urar sanyi ya goyo?"

Sai batun fenti. Kai, fenti! Baba ba ya sayen gwangwani don gwaji. Robobin laban, kindirmon nan na Larabawa, yake tarawa, ya bi masu fenti na layinmu yana roƙon ragowa. Ƙofar dama ya shafa mata baƙi marar sheƙi, ta hagu ja, bonet ruwan ƙasa, baya kuma wani shuɗi da ya rage daga motar ɗaukar ruwa. Abu Salih ya ce motar ta koma kamar tutocin unguwar da Baba yake aiki. Da abin ya ishe mu, muka ce a jefa ƙuri'a. Wasunku suna wurin. Ya sayo kabsa, shinkafar Larabawa da nama, faranti biyu, aka ci aka side, aka ɗaga hannu. Baƙi ya yi nasara da tazara. Baba ya bi hannuwan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Dakata tukuna. Kanawa sun yi yawa a zaɓen nan. An soke."

Na ce, "To shinkafar da muka ci fa?"

Ya ce, "Sadaka ce. Dama ciyar da bayi lada ne."

Amma duk wannan wasa ne a kan maganar rufi. A mujallun nan, yawancin motocin an yanke musu sandunan rufi an sauke shi ƙasa, mota ta tsuke ido kamar mai jin haushi. Ni tun ranar farko na ce a yanka. Aikina ne, hannuna yana ƙaiƙayi. Baba kuwa sai ya ɗauki hoton motar, ya je Batha a wanke masa kwafi-kwafi, ya zauna da almakashi yana yanke rufin takarda yana mannawa. Wannan an rage yatsa biyu, wannan huɗu, wannan taƙi guda. Ambulan guda ya cika da su. Ko a layin sabunta iƙama, katin izinin zama, ka same shi, sai ya zaro ya ce, "Dubi nan. Wanne ya fi?" Ka zaɓa, ya ce ba ka da ido.

Sau uku yana sa ni in haɗa injin yankan ƙarfe. Sau uku ina sa tabarau, in kunna, in kai baki, sai in ji, "Dakata!" A na ukun har wuƙar ta ɗan taɓa ƙarfe, ta bar zane kamar na farce. Baba ya dafa wurin kamar na yanki jikinsa. Rana ta dake ni, ga yunwa, raina ya ɓaci. Na jefar da tabarau na ce, "Baba, wallahi za ka mutu motar nan ba ta taka kwalta ba!"

Ni kaina na ji nauyin maganar tun kafin ta gama fita. Shi kuwa ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "To sai ka gaje ta. Bawa ba ya gado, amma na yi maka alfarma. Abu Salih, ka shaida." Daga nan ya ƙara da cewa, a hankali, "Ƙarfe in ka yanke shi, Nasiru, ko ka mayar, tabon yana nan." Ban ba shi haƙuri ba. Na ce a raina ai wasa ne tsakaninmu, ya wuce.

Bayan wata biyu, ranar wata Laraba da azahar, ya kira ni. Muryarsa wasai.

"Bawana, na yanke shawara."

"A kan me kuma?"

"A kan rufi mana. Da komai ma. Ka zo jibi, in gaya maka a gabanta. Ba maganar waya ba ce."

Na ce, "Baba, na ji wannan waƙar. Jibi ina da uzuri. Sai Juma'a ta sama."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Jama'a, ba ni da uzurin komai. Barci na yi ranar. Na ci abinci na miƙe ƙafa a gaban fanka, ina jin daɗin yau dai na huta da Dakata. An ce ya je garejin, ya zauna a kan bokitin fenti har la'asar, ya tashi ya tafi. Ranar Lahadi ya kai maigidansa ofis, ya koma cikin mota yana jira, a nan aka same shi ya jingina kai da kujera. Zuciya ce, in ji likita. Muka kai shi maƙabartar Al-Oud, ni na kama makara ta wajen kai.

Bayan kwana bakwai Abu Salih ya ce mini, "Na shaida, motarka ce." Na je na tsaya gabanta. Na ce tunda na hana shi Juma'arsa, bari in cika masa burinsa. Ban yi shakka ba ko kaɗan cewa yankan ya zaɓa. In ba haka ba, me zai sa ya kira mai walda? Na auna yatsa huɗu, na yanke sandunan nan duka, na sauke rufin, na yi walda mai kyau irin wadda ban taɓa yi wa kowa ba. Ba wanda ya ce mini dakata.

Ranar sadakar arba'in na kira matarsa, Inna Hadiza, a Damagaram. Mun gaisa ranar rasuwa, amma kuka bai bar mu mun yi magana ba. Wannan karon na so in faranta mata. Na ce, "Inna, motar Baba ina nan ina ƙarasa ta."

Ta ce, "Allah sarki, motar nan! Ai sati ɗaya kafin ya rasu ya kira ni, wai in ɗaura kallabina na biki, in zauna a kujera, a auna daga kujerar har ƙarshen ɗaurin. Na ce Malam, tsufa ne ya fara taɓa ka? Ya ce in dai auna. Ka san ni doguwa ce. Da na gaya masa, sai ya yi ta dariya, ya ce shi ke nan, magana ta ƙare, rufi yana nan yadda Allah ya yi shi. Wai shekara ashirin da wani abu ina jiransa, ba zai zo ya ɗauke ni a motar da zan shiga ina sunkuyar da kai ba."

Na juya na dubi rufin da na riga na sauke, waya a kunne. Ta ce, "Nasiru, kana ji na?" Na ce ina ji. Ta ce, "Ka bar masa shi yadda ya so, ka ji?" Na ce, "To, Inna."

Guntayen ƙarfen da na yanke, Allah ya sa ba a kwashe ba, na same su a kwandon shara na garejin. Na mayar da su ɗaya bayan ɗaya, na goge, na shafe. Wanda bai sani ba ba zai gani ba. Ni ina gani. Inna kuma har yau ban gaya mata ba, ban san ko zan iya ba.

Allah ya jiƙan Baba Haruna. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya haskaka shi, ya yafe masa kurakuransa. Allah ya ba Inna Hadiza haƙuri, ya haɗa su a gidan da ba a rabuwa. Ni kuma, ku taya ni roƙo, Allah ya sa ya yafe mini Juma'ar nan. Amin.