Dalilin da ya sa muka bar Malam Habibu a Lyon

Shekara takwas ke nan da rasuwar Malam Habibu, kuma har yau in na hau jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon nakan tsinci kaina ina shirya gardamar da zan yi da shi in na sauka. Sai an yi nisa nake tuna cewa 'yarsa ce za ta tarye ni, ba shi ba.

Ni ɗan kasuwa ne. Daga Damagaram na zo Faransa, na fara da dakon akwatunan kayan lambu a kasuwar Rungis, yau ina da shago a Aubervilliers, a gefen Paris, inda nake sarin shadda da leshi. Habibu kuwa ɗan Maraɗi ne, karatu ya kawo shi, ya ƙare yana koyar da Ingilishi a wata makarantar sakandare a Lyon. A unguwar Guillotière ta Lyon muka haɗu, a shagon wani da nake kai wa kaya. Ya ji ina ciniki, sai ya ce wa mai shagon, "Wannan bakin na Damagaram ne, dafe aljihunka." Na juya na gan shi da jakar littattafai, na ce, "Ɗan Maraɗi da ba ya sayar da komai? Lallai gida ya yi asara." Daga ranar ba mu rabu ba.

Akwai wani tsohon littafin Amurka da ya yi karatunsa a kai, yake kuma koya wa ɗalibansa kowace shekara. Ya ba ni na Faransanci, na karanta shi a hankali, a kan hanya da kuma lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Labarin wani talaka ne da ya so 'yar masu hali, ya je ya tara dukiya don ya cancance ta, ya buɗe gidansa kowa ya ci ya sha, a ƙarshe bai samu matar ba, masu cin ma suka watse. Da na gama na gaya wa Habibu ra'ayina ba ɓoye-ɓoye: mutumin bai iya kasuwa ba. Ya zuba jarinsa kaf a kan hajar da ba a ce ta sayarwa ce ba.

Ya yi dariya har ya cire tabarau. "Alhaji Idi, kai ko aljanna aka nuna maka sai ka tambayi kuɗin kwastan." Sannan ya natsu ya ce abin da ya dame shi a littafin ba dukiyar ba ce. Kowa a ciki yana rantsuwa so yake yi, amma babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi wanda yake so ɗin abin da yake bukata. Kowa kansa yake kallo a fuskar wani. Mun yi shekaru muna jan wannan magana, a kan shayi, a kan tuwon matarsa Zinatu. Ni ina cewa kuɗi ba su da laifi, shi yana cewa ai bai ce suna da shi ba, sai dai suna sa mutum ya daina tambaya.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, ba tare da doguwar jinya ba. Ya bar Zinatu da 'ya ɗaya, Nafisa, tana da shekara goma sha huɗu, haifaffiyar Lyon.

Wanda bai zauna a nan ba, zai yi masa wuya ya gane nauyin abin da ya biyo baya. A wurinmu 'yan Nijar mazauna Faransa, babban karamcin da za a yi wa mamaci shi ne a mayar da gawarsa gida. Muna da asusu don haka, kuma ba na raina shi, na sa hannu a ciki tun ina dako. Amma abin ya zama ma'aunin daraja: wanda aka kai gida an ce yana da mutane, wanda aka binne a nan sai a riƙa magana ƙasa-ƙasa, kamar danginsa sun gaza. Yayan Habibu, Alhaji Lawali, babban ɗan kasuwa ne a Maraɗi. Kafin a gama wankan gawa ya aiko cewa kada a taɓa asusu, shi zai ɗauki komai, a sa ƙanensa a jirgi.

Zinatu ba ta iya musa wa yayan mijinta ba. Ta kira ni kicin ta ce, "Alhaji, in aka tafi da shi, yarinyar nan ba ta da inda za ta je." Na kuma san ran Habibu a kan wannan, don mun taɓa raka wata gawa filin jirgi, ya matso kusa da ni ya ce, "Ni dai in tawa ta zo, kada ku auna ni a sikeli kamar dilar shaddarka."

Ni na kira Alhaji Lawali. Bayan gaisuwa da ta'aziyya na faɗa masa abin da iyalin suke so. Muryarsa ta canza.

"Alhaji Idi, so kake a ce a Maraɗi Lawali yana da motoci a hanya amma ya bar ɗan'uwansa a ƙasar Turawa?"

Na ce, "Alhaji, ni da kai mun san maƙabartar gida. Damina biyu ta wuce, ko kai ba za ka nuna kabarin ba. Mata kuma ba sa shiga. Ka kai shi, mutane za su yaba maka kwana uku, su koma kasuwa. A nan akwai ɓangaren Musulmi, ana fuskantar da mutum alƙibla, kuma yarinya za ta iya hawa bas ta je ta yi masa addu'a. Ka tambaye ta mana, ga ta nan."

Bai tambaye ta ba. Sai ya ce, "Ku yi yadda kuka ga dama," ya kashe waya. Muka binne Habibu a Lyon.

Ba zan zalunci Alhaji Lawali ba. Shi ya yi wa Habibu kuɗin jirgin farko, shi ya riƙe shi tun mahaifinsu ya rasu, kuma abin da ya iya yi wa mutum ke nan a duniya: ya biya. Mun hana shi biya na ƙarshe, sai ya ji kamar mun ƙwace masa ƙanen. Bai yanke wa Zinatu da Nafisa alheri ba, kowace salla saƙonsa yana zuwa ta hannun matafiya. Muryarsa ce ba ta zuwa. Ni kuwa ko a biki aka ambaci sunana, an ce tashi yake.

Nakan tambayi kaina me Habibu zai ce da zai leƙo yau. Zai ga bukukuwanmu a manyan zaurukan bayan Paris, ana liƙi ana ɗaukar hoto don a gani a gida kafin a gama rawa, kuma na san zai dube ni ta saman tabarau, don rabin shaddar da ke wurin daga shagona ta fito. Amma zai ga wani abu kuma. Yaran da aka haifa a nan sun girma, kuma ba sa jin kunyar cewa nan ma gida ne. Yanzu in an yi rasuwa, masu asusu sukan fara zama da matar da 'ya'yan su ji ta bakinsu. Wasu a kai su gida, wasu a bar su, ba wanda ake yi wa gori kamar da. Ba na cewa mu muka jawo haka. Lokaci ne ya kawo shi, mu dai mun riga shi da kaɗan.

Bana Alhaji Lawali ya zo Paris ganin likitan ido. Ban san ya iso ba sai da ya shigo shagona, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya taɓa shadda ɗaya ya ce tsadarta ta yi yawa. Na ce ai ba don 'yan Maraɗi aka kawo ta ba. Ya zauna. Can ya ce, "Ka kai ni."

Nafisa ta tarye mu a Lyon, muka wuce maƙabarta. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti. Ta durƙusa ta gaishe shi da Hausarta mai ɗanɗanon Faransanci, ta kama hannunsa, ta bi da mu tsakanin kaburbura ba tare da ta duba ko'ina ba, yadda mutum yake bin hanyar ɗakinsa. Alhaji ya lura da haka, na ga ya lura. Ya yi addu'a ya daɗe, hawaye suna bin gemunsa.

A hanyar fita ne ta ambata cewa a nan kabari haya ake yi wa na wasu shekaru a wurin hukumar gari, in wa'adi ya cika a sabunta. Alhaji ya tsaya cak.

"Haya? Kabarin ma haya? Alhaji Idi, ka ga irin ƙasar da ka bar mini ɗan'uwa!" Hannunsa ya riga ya shiga aljihu. "A gaya mini na shekara ɗari, yau ɗin nan."

Nafisa ta riƙe hannun. "Baba Alhaji, wa'adin da saura. Kuma in ya zo, ni zan yi. Kai ka yi masa kuɗin jirgin farko, ka bar mini wannan."

Na san manyan 'yan kasuwa, na san abin da ake ji in an mayar wa mutum hannunsa aljihu. Na jira faɗa. Sai ya dube ta ya ce, "To ke me kike so in yi miki?"

Ta ce, "Ka riƙa ɗaukar waya."

Habibu bai bar gida ba, bai bar shago ba, littattafansa ma Zinatu ta raba wa ɗalibai. In a sikelina ne, abin da ya bari ba shi da nauyi. Amma ya bar 'yar da ta san abin da take so kuma take iya faɗa wa babba cikin ladabi, ya bar ni da ɗabi'ar tambaya kafin in yi kyauta, wadda ba a kasuwa na koya ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Nafisa ta ce mini yanzu kowace Juma'a Alhaji Lawali ne yake fara kira, kuma yakan daɗe yana yi mata faɗa a kan Hausarta.