Lemar Kawu Bobbo

Duk wanda ya san Kawu Bobbo ya san lemarsa. Baƙa, a naɗe, a hammata, daga Jambutu har kasuwa. Amma tsakani da Allah, waye a cikinku ya taɓa ganin ta a buɗe? Rana na dafa ƙwaƙwalwa, in ka ce, "Kawu, buɗe mana," sai ya harare ka.

"Kai, ɗan nan! Rana zai cinye mini kalansa."

Shekarar da 'yan'uwanmu suka gudo daga Mubi, su suka cika ɗakunan baya na ɗan masaukin baƙinsa. Ma'aikatan agajin da suka kama ɗakunan gaba, da kuɗin hayarsu ake ciyar da kowa, su kuwa ma'aikatan, wurin ninkayar da ke cikin masaukin ne ya riƙe su. Sai dai daɓen simintin gefen ruwan, da rana ko ƙwai ka fasa sai ya soyu. Shugabarsu ta ƙone tafin ƙafa, ta ce ko a sa inuwa ko su tashi. Goggo Dija, matar Kawu, ta kasa cin abinci. Ni ma na ture kwanon tuwona.

Kawu ya sayi sabuwar lema? Ina! Masu sayar da katin waya ya bi, ya kwaso tsofaffin manyan lemomin da suke zama a ƙarƙashinsu. Ba a gama saukewa ba wani ya leƙo.

"Baba, akwai kati?"

"Akwai ruwa. Ka iya iyo?"

Da hantsi ya jera kujeru, ya ga inuwa ta zauna musu daidai, ya sa birkila ya dasa sandunan cikin siminti. Na ce, "Kawu, rana fa tafiya take yi."

"Tafiya ina? Tun ina yaro a nan nake ganinsa."

La'asar na yi, lokacin da baƙin ke dawowa daga aiki, inuwa ta tattara kaf ta faɗa cikin ruwa, kujeru na gasuwa. Goggo ta dafe kai tana salati. Shugabar ta fito ta tsaya, ta dubi kujeru, ta dubi Kawu. Shi ko gezau, sai ma ya warware tabarmar Goggo daga ƙofa zuwa bakin ruwa.

"Madam, wanka ka zo ko zama? Ga inuwa can yana jiranka."

Matar nan ta yi dariya har da hawaye, ta bi tabarma ta faɗa ruwa, sauran suka bi ta. Ba su bar gidan ba har mutanen Mubi suka koma. Wallahi ranar na ci tuwo har da ƙari.

Bara da muka kai shi makwanci, rana ta ƙwalle, masu haƙa sun jiƙe sharkaf. Na ɗauko lemar na buɗe musu. Sabuwa fil, baƙa wuluk. Na fara dariya, kuka ya ƙwace mini. Mutumin da ya hana kansa inuwa, a tasa muka fake duka.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa shi a inuwar Al'arshinsa ranar da babu wata inuwa.